Teburin Mai Shayi a Sabon Gari da Samaru: Tarihinsa da Bashin da Ban Biya Ba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Shekaranjiya wani ƙanena da ke karatu a Texas ta Amurka ya turo min hoto. Ƙarfe 1 na dare a can, yana zaune a wani ɗan shagon 'yan Meziko a unguwarsu, yana cin abin da suke kira tako. Wata 'yar waina ce ta garin masara, fale-fale, a zuba mata gasasshen nama da albasa da barkono, a matsa lemon tsami, a naɗe a ci da hannu. Ya rubuta min cewa, "Yaya, wallahi tsiren Samaru ne aka naɗe a masara, kuma kada hankalinka ya tashi, na shanu nake ci." Na yi dariya. Amma da na ƙara duba hoton, sai na ga ba abincin ne ya ja hankalina ba, mutanen wurin ne. Ga lebura da kayan aikinsa, ga ma'aikaciyar asibiti da ta tashi daga aikin dare, ga ɗalibai. Na ce ai wannan teburin mai shayi ne, nahiya ce kawai ta bambanta. Shi ya sa jiya da daddare na ɗauki mota na nufi Samaru, abin da na gani kuma shi ya hana ni barci har na zauna rubuta wannan.

Mu faro daga tushe. Tsire da balangu da kilishi sun girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Mahauta da Sarkin Pawansu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Sai dai a birnin Zazzau na da, magidanci ba ya cin abincin dare a waje. Tuwo daga cikin gida yake fitowa, a ajiye a zaure ko a ƙofar gida, maƙwabta su haɗu kowa da akushinsa. Wanda aka gani yana sayen tuwo da daddare, to ko gwauro ne ko baƙo, ko kuwa an yi yaji a gidansa. Ga ganuwa, ga ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, dare ya yi kowa ya nemi makwanci. Dare mahutar bawa, in ji masu iya magana.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun kama Zariya a 1902, aka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A zamaninsa aka yi aikin diga, aikin da aka riƙa kwasar talakawa daga ƙauyuka ana kai su haƙar hanyar jirgi, har shi Sarkin ya rubuta Waƙar Diga a kan lamarin. A 1911 dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. A 1914 aka kammala ɗan ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda ya yi aiki har 1957. A 1929 layin da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Wannan layin ne ya ratsa Samaru, shi ya sa har gobe muke da Hayin Dogo. Kafin a ankara Zariya ta zama mahaɗar jirage.

To shi jirgi bai san dare ba. Yana iya isowa ƙarfe 2 na dare, fasinjan Gusau ya sauka ya jira na Legas har asuba. Ga direbobi da masu zuba gawayi, ga akawuna, ga 'yan dako. Yawancinsu baƙi ne: Yarbawa, Ibo, Nufawa, mutanen Saliyo da Gwalkwas, da Hausawa 'yan ci-rani daga wasu ƙasashen. Turawa ba su yarda su zauna cikin birni ba, ba su kuma yarda su matso unguwar Turawa ba, sai aka yanka musu fili kusa da tasha, a hayin Kubanni. Sabon Gari ke nan. Gari ne na mutanen da suka baro matansu da iyayensu a gida, ba mai aiko musu da tuwo. Wanda ba a dafa masa kuwa dole ya saya, wanda yake aikin dare dole ya ci da dare. Nan cin abincin dare a bakin titi ya samo gindin zama a ƙasar Zazzau.

Kamfanonin Turawa suka biyo jirgi suka kakkafa kantuna. Unguwar da muke ce wa PZ sunan kamfani ne, Paterson Zochonis, na wani ɗan Sikotlan da wani Bagirke. Aka kafa injin gurzar auduga. A 1924 aka kafa Daffo na horar da kuratan soja. Daga baya kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'anta, ma'aikata suna shiga aiki rukuni-rukuni, wasu su tashi tsakar dare. Ga 'yan kallon silima a Rex da ke fitowa bayan an tashi daga fim ɗin Indiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ciki ne da ke neman abin taɓawa a lokacin da matan gari suka kashe wuta.

Ita Samaru labarinta daban. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, a 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika. Ƙauyen ya taso ne da leburori da masinjoji da kukun Turawa. Sai aka kawo kwalejin kimiyya da fasaha a shekarun 1950, wadda ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Daga nan aka samu wani sabon nau'in mai yunwar dare, wato ɗalibi. Shi ba jirgi yake jira ba, jarrabawa yake jira. A da jami'a na ciyar da ɗalibai da tikiti mai rahusa, manyanmu har yau suna ba mu labarin kazar ranar Lahadi. Da gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa a tsakiyar shekarun 1980, ga kuma SAP ta Babangida ta biyo baya a 1986, sai dubban ɗalibai suka tsallako titin Sakkwato neman abin da aljihunsu zai iya. Mai shayi da mai ƙosai da mai tsire su suka gaji kicin ɗin jami'a.

Yanzu ku zo mu dubi teburin kansa, don duk abin da ke kai yana da tarihinsa.

Shayi, sunan ma na Larabci ne. Ta Sahara ya fara zuwa mana, a hannun Larabawan Turabulus da Buzaye, ana dafa shi a 'yar buta a sha a ƙananan kofuna. Wanda muke sha da madara a babban kofi kuwa ɗabi'ar Ingilishi ce da kuku da soja da akawu suka fito da ita daga gidan Bature zuwa titi. Mai shayinmu sai ya haɗa biyun, ya ƙara da citta da kanumfari da masoro, ya riƙa ɗaga kofi sama yana sheƙawa har ya yi kumfa. Wannan sheƙawar ba burga ce kawai ba, tana haɗa madarar da sukari, tana kuma rage zafin.

Burodi daga kudu ya hau jirgi ya zo. Cikin waɗanda suka fara yin sa da yawa don sayarwa a Legas akwai wani ɗan Jamaika, Amos Shackleford, wanda shi ma aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Najeriya a 1913. Alkamar kuwa yawancinta daga waje ake kawowa. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama don a noma ta a gida, a wurare irin su Kadawa, burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, har aka ɗage hanin a 1992. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna burodin da in ka matsa shi sai ya koma kamar ƙwallon goriba.

Indomie ita ce autar tebur. Daga Indunisiya take, an fara shigo da ita Najeriya a 1988, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Kafin ita, mai shayi burodi da wainar ƙwai kawai ya sani. Da ta zo, sai ya ƙara risho da ɗan kasko, ya koma mai dafa abinci sosai. Ƙwan ma akwai hannun ƙasar Zazzau a ciki, don cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da irin kazar ƙwai da ake kira ShikaBrown.

Sai tsire. Ƙuli-ƙulin da ake barbaɗa masa daga gyaɗa yake, gyaɗar da jirgin nan ya mayar da ita dukiyar Arewa tun daga 1912, har aka yi dalar gyaɗa a Kano. Cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta durƙusar da nomanta, kuma cibiyar binciken gona ta Samaru na cikin masu fitar da sababbin iri, waɗanda ake kira Samnut, don farfaɗo da ita. To ga inda maganar ƙanena ta zama gaskiya fiye da yadda shi ma ya zata. Gyaɗa asalinta daga Kudancin Amurka take. Barkonon da ke cikin yajinmu da tumatirin da ake yanka mana a gefe daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, kuma manoman Meziko na cikin waɗanda suka fara noma su. Masara kanta a Meziko aka fara nomanta dubban shekaru da suka wuce, mu dai ta hanyar Masar muka ɗauka ta zo, shi ya sa muka raɗa mata wannan suna. Su ma can sun ara. Wani shahararren nau'in tako da suke kira al pastor, daga shawarmar Kwarorin Lebanon da suka yi ƙaura zuwa garin Puebla ya samo asali, sai dai su naman alade suke sawa, don haka wanda Allah Ya kai shi can ya kiyaye. Ga shi yau shawarmar nan ta zagayo ta same mu a Samaru da PZ. Abincin talaka na dare, ko'ina ka je a duniya, za ka tarar baƙi ne suka haɗa shi.

Amma fa tarihin daren Sabon Gari ba na daɗi ne zalla ba. Dare rigar mugu, shi ma masu iya magana ne suka faɗa. Garin da baƙi suka taru shi ne inda wuta ke fara kamawa in ƙasa ta rikice. A 1966 an zubar da jini a nan, Ibo da yawa suka hau jirgin da ya kawo su suka gudu, wasu ba su samu ikon gudun ba. A watan Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya fantsamo Zariya. A Afrilun 2011 aka yi na bayan zaɓe. Ranar 17 ga Yuni, 2012 bam ya tashi a majami'ar Katolika ta Christ the King da ke Sabon Gari da ta ECWA a Wusasa, Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24. Ranar 7 ga Yuli, 2015 aka kai hari sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Dogarawa, inda ma'aikata suka taru don tantancewa, mutum fiye da 20 suka rasu. Wannan ta taɓa ni ƙwarai, don ma'aikata ne irina, sun fito da takardunsu a hannu suna neman tabbatar da albashinsu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Duk sanda aka yi irin wannan, mai shayi ne farkon wanda ake kashe wa kasuwa, shi da jarinsa bai wuce na kwana ɗaya ba. Kuma in ƙura ta lafa, a bencinsa ake fara sake zama tare. Ni ganau ne. Bayan rikicin 2011 na ga Bahaushe ɗan acaɓa da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da wani malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna a benci ɗaya, ba mai kallon idon wani, kowa ya sunkuya a kan kofinsa. Can sai ɗaya ya ce a miƙo masa sukari, ɗayan ya miƙa. Kafin a tashi an koma musun Arsenal da Chelsea. Ni ban san wani kwamitin sulhu da ya yi aiki da sauri haka ba.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. Na shiga jami'a a ƙarshen shekarun 1990, ɗan talaka, mahaifina ya yi ritaya fansho ba ya zuwa a kan kari. Akwai wani dattijo mai shayi a wani lungu a Samaru, mutumin ƙasar Nijar, muna ce masa Baba. Yana da wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, duk ya sha maiƙo. A lokacin da Naira 100 za ka ci Indomie da ƙwai ka kora da shayi, amma sau da yawa ɗarin ma babu. In na zo na zauna a ƙarshen benci ina ta juya littafina ban ce komai ba, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, yau ma aljihun na azumi ne?" In ce, "Wallahi Baba sai ƙarshen wata." Sai ya ce, "Ci ka je ka yi karatu, in ka zama gwamna ka tuna da ni." Ya jawo littafin ya yi 'yan zane-zanensa da ajami. Bai taɓa tambayata katin shaida ba, bai san garinmu ba.

Na gama, na tafi bautar ƙasa, na bar Naira 340 a littafin nan. Ba mantawa na yi ba, kullum cewa nake sai na samu aiki in kai masa da goro mai kauri. Na samu aikin, sai aure, sai haihuwa, sai canjin wurin aiki. Da na waiwaye shi bayan shekaru, na tarar da wani saurayi a teburin, yaron da ke wanke masa kofuna a da. Ya ce min Baba ya koma gida da rashin lafiya, can Allah Ya yi masa rasuwa. Na ba shi abin da ya sawwaƙa ya aika wa iyalansa, amma har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, gaskiya ne. Sai dai wani bashin ba a biyansa da kuɗi bayan mai shi ya tafi.

Jiya wurin wannan yaron na koma, yanzu shi ma ya zama magidanci da furfura jefi-jefi. Ƙarfe 11 bai cika ba amma ya fara haɗa kaya. Na ce, "Malam, tun yanzu? A da fa sai an kira assalatu." Ya ce, "Yallaɓai, wa zan jira?" Ya shiga lissafo min. Kullen korona na 2020, sama da wata 2 ba fita. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 Samaru kamar an yi shara. Canjin kuɗi a farkon 2023, mai saye na da kuɗi a waya, mai ƙwai ya ce sai tsaba. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya ninka. Dokar hana fita a Kaduna da Zariya a Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Sai duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, sama da mako guda ba lantarki. Ga masu ƙwacen waya da suka sa mutane ba sa son kaiwa dare a waje. Wanda a da yake cin ƙwai 2 ya koma 1, mai 1 ya koma Indomie gaya, wani ma ruwan bunu kawai zai sha da rabin burodi.

Na tambaye shi littafin bashi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, na rufe shi tun bara. In na ba da bashin ƙwai 5 yau, gobe ba ni da jarin sayen kiret." Muna cikin maganar sai ga wani yaro da jakar littattafai, ya tambayi kuɗin Indomie da ƙwai, aka faɗa masa, ya haura Naira 1,000. Ya duba wayarsa, ya ce a ba shi shayi ba madara. Ya koma ƙarshen benci ya zauna, daidai inda nake zama. Wallahi sai da na kawar da kai.

Na san za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na yarda, kuma ba cewa nake da can aljanna ce ba, ga tarihin jini na kawo muku a sama. Abin da nake cewa shi ne, littafin nan mai maiƙo ya yaye likitoci da injiniyoyi da manyan sakatarori da ba za su ƙirgu ba. Tallafin karatu ne da ba gwamnatin da ta ware masa kasafi, talaka ne ya ɗauki nauyin ɗan talaka. In ya rufe, akwai yaran da za su shiga ɗakin jarrabawa da yunwa, akwai kuma waɗanda za su haƙura da karatun gaba ɗaya ba wanda zai ji labarinsu.

Don haka ga roƙona, musamman ga waɗanda muka yi Samaru da Kongo tare, na san kuna karantawa, wasunku ma na san adadin da kuka bari a littafi. In hanya ta biyo da kai Zariya, kada ka tsaya a Kwangila ka wuce. Shiga ka nemi mai shayinka, in yana raye ka biya shi da ƙari, in ya rasu ka nemi magajinsa. Wanda Allah Ya hore wa, ya ajiye wani abu a hannun mai shayin da ya amince da shi, ya ce duk ɗalibin da ya zauna a ƙarshen benci bai yi oda ba, a soya masa. Su sun fi mu sanin mai jin yunwa, aikinsu ke nan shekara da shekaru. Ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin liyafa a otal duk shekara, ko kashi ɗaya cikin goma aka karkatar nan zai yi aiki. Mu kuma da ke ofisoshin gwamnati, in maganar fitilun titi da tsaron dare da yawan harajin da ake karɓa a hannun masu ƙananan sana'a ta zo teburinmu, mu tuna da wanda ya ciyar da mu.

Ni dai jiya na sa an sake buɗe littafin, an sayo sabo, shafin farko da sunan Baba. Yaron nan ya ci Indomie da ƙwai 2, bai san daga ina ba, kuma na roƙi kada a faɗa masa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya jiƙan iyayenmu. Allah Ya zaunar da Zariya da Najeriya lafiya, Ya sawwaƙe mana wannan tsadar. Wanda yake da nasa labarin mai shayi, ko na mai tsire, ko na mai ƙosan bakin North Gate, ya ajiye mana a ƙasa mu karanta. Wanda kuma ake bi, to ya ji tsoron Allah ya je ya biya.